Daga Tocilar Hannu Zuwa Cikin Atam: Koyar da Karon Haske, Matakan Kuzari da Samikondakta a Matsayin Darasi Guda

Tsakure

Darussa uku na fiziks a babbar sakandare, wato karon igiyoyin haske, matakan kuzari a cikin atam, da na'urorin samikondakta, a rarrabe suke zuwa wa ɗalibi, kowanne da babinsa da lokacinsa. Wannan takarda tana ganin labari ɗaya ne aka yanka gida uku, kuma ɗan leza na aljihu ko ƙwan tocilar LED ya tattara su duka. An kawo gwaje-gwajen da malami zai iya yi da kayan kasuwa, tare da lissafinsu, an kuma nuna iyakar kowane gwaji da kowane misali.

1. Gabatarwa

Wata rana ina koyar da 'yan aji biyu na babbar sakandare, na rubuta a allo cewa haske zai iya haɗuwa da haske su haifar da duhu. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a gidanmu in aka kunna fitila biyu haske ƙaruwa yake yi. Ban taɓa ganin ya ragu ba." Gaskiya ta faɗa, kuma tambayarta ta fi abin da na rubuta zurfi. Abin da ya dame ni shi ne sauran ɗaliban sun riga sun kwafe jimlar a littafi ba tare da ta tsaya musu a rai ba. Za su haddace ta, su zuba ta a jarrabawar WAEC ko NECO, su wuce.

Haka abin yake a sauran darussan biyu. Ɗalibi yana iya zana matakan atam ɗin haidurojin, ya kuma zana alamar dayod, amma da wuya ka sami wanda ya san cewa jan hasken da ke ƙyaftawa a jikin cajar wayarsa shi ne mahaɗar zanen nan biyu. Laifin bai tsaya ga yara ba. Mu ne muke ba su haske a shekara ɗaya, atam a wata shekarar, samikondakta kuma a gurguje ana gab da jarrabawa. Shawarata a nan ita ce a riƙe na'ura ɗaya a hannu, a yi mata tambaya uku: mene ne tsawon zangon haskenta, me ya sa launinta wannan ne, kuma yaya wutar batir take komawa haske a cikinta.

2. Yadda haske da haske suke haifar da duhu

Ɗalibanmu sun san kalmar zango tun kafin su shigo aji, domin sun ji iyayensu suna neman tasha a gajeren zango ko matsakaicin zango. Daga nan nake farawa. Tsawon zango shi ne nisan da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da tudun da ke biye da shi. Na rediyo da mita ake auna shi. Na hasken da ido ke gani kuwa yana tsakanin nanomita 400, wajen shuɗi mai duhu, da nanomita 700, wajen ja. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

An daɗe ana jayayya a kan ko haske igiya ne. Christiaan Huygens na Holan ya ce igiya ne a littafinsa na 1690. Isaac Newton, a littafinsa na 1704, ya fi karkata ga cewa ƙananan ƙwayoyi ne masu gudu, kuma girman sunansa ya sa ra'ayin ya yi rinjaye kusan shekara ɗari. A farkon ƙarni na 19 ne wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, ya nuna cewa idan aka raba haske ɗaya gida biyu aka bar su suka sake haɗuwa a bango, zane-zanen haske da duhu ne suke fitowa a jere. Inda tudu ya tarar da tudu sai su ƙarfafa juna. Inda tudu ya faɗa kan kwari sai su shafe juna. Ƙwayoyi ba sa haka: tsakuwa biyu ba sa haɗuwa su zama babu.

To ina amsar yarinyar? Fitila biyu ba sa tafiya da taki ɗaya. Kowacce tana fitar da igiyoyi barkatai daga atam masu ɗimbin yawa, dangantakar tudunsu da kwarinsu tana sauyawa da saurin da ido ba zai iya bi ba, sai ya ga haske bai ɗaya. Kafin zanen ya tsaya cak, dole igiyoyin biyu su fito daga tushe ɗaya, su riƙe taki ɗaya. Abin da ya sa Young ya raba haske ɗaya ke nan, kuma abin da ya sa leza ya sauƙaƙa mana aikin a yau.

Ga yadda nake yi. A sami ɗan gilashi a kara shi a kan kyandir har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. A haɗa reza biyu sababbi, a matse su da yatsa, a ja layi ɗaya a kan baƙin. Tsaga biyu za su fito, tazararsu kamar kaurin reza, wajen milimita 0.1. A rufe tagogi, a haska jan leza ta cikinsu zuwa bangon da ke nesa da mita 2. Ƙa'idar ita ce tazarar zane daidai take da tsawon zango sau nisan bango, a raba da tazarar tsagogin. Jan lezan kasuwa yana da zango wajen nanomita 650, saboda haka lissafi ya ba da milimita 13. Wannan tazara ce da rular ɗalibi za ta auna. Ba kowane ja ne yake fitowa da kyau ba, sai an gwada sau da yawa, shi ya sa ya kamata malami ya shirya gilasan tun a gida. Ranar da zanen ya fito sosai a ajina, yaran sun yi tsit, sannan ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa suna ɗora yatsa a kan duhun da ke tsakanin ɗigon ja biyu.

Faifan CD ya fi wannan ba da sakamako mai kyau, domin an riga an yi masa layuka a masana'anta, tazararsu maikiromita 1.6. A huda kwali, a haska leza ta hudar ya sauka a tsaye kan faifan da ke nesa da santimita 30. Hasken zai dawo kan kwalin a ɗigo-ɗigo, na farko wajen santimita 13 daga hudar ta kowane gefe, wato kusurwa mai digiri 24. Daga wannan awo ɗalibi zai fitar da tsawon zangon da kansa. Idan aka sauya da faifan DVD, mai tazarar maikiromita 0.74, kusurwar sai ta buɗe zuwa wajen digiri 61. Launukan da ke walƙiya a bayan faifan, da na kumfar sabulu, da na man fetur da ya zuba a kududdufi bayan ruwan sama, duk 'yan gida ɗaya ne.

Gargaɗi ɗaya ba na sassautawa a kansa: leza ba ya shiga hannun ɗalibi sai malami na tsaye, kuma ba a nuna shi ga idon kowa, ko kai tsaye ko ta hasken da ya dawo daga faifai.

3. Rijiyar da ke cikin atam

A barbaɗa gishiri a harshen wutar risho, launin zai koma rawaya. Sinadarin sodiyam ne yake fitar da haske mai zango nanomita 589. Kowane sinadari da nasa launukan, kamar zanen yatsa. Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen sun tabbatar da haka a Jamus wajen 1860, kuma ta wannan hanya aka ga alamar sinadarin hiliyam a hasken rana a 1868, shekara 27 kafin William Ramsay ya same shi a doron ƙasa a 1895.

Haidurojin, wanda ya fi kowane atam sauƙi, layi huɗu yake nunawa a hasken da ido ke gani: nanomita 656, 486, 434 da 410. Ina son malamai 'yan'uwana su riƙe wannan: wanda ya gano ƙa'idar lissafin da ta ɗaure lambobin nan huɗu a 1885, Johann Balmer, malamin makarantar 'yan mata ne a birnin Basel na Suwizalan. Ya sami ƙa'idar, amma dalilinta sai a 1913 ya bayyana, lokacin da Niels Bohr na Denmak ya ɗora tunaninsa a kan cibiyar atam da Ernest Rutherford ya gano a 1911. Bohr ya ce ilektaron ba ya zama inda ya ga dama. Matakai ne ƙididdigaggu, kuma idan ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa, bambancin kuzarin ne yake fita a matsayin ƙunshin haske guda, wanda ake kira fotan.

Abin da ya fi rikita ɗalibai a nan shi ne alamar ragi da ke gaban lambobin matakan. Me ya sa matakin farko na haidurojin ya zama ragin 13.6 a ma'aunin kuzari na eV? Da rijiya nake warware musu. Mai haƙar rijiya daga baki yake ƙirga gaba, yana yin ƙasa. Bakin rijiya shi ne sifili, wato ilektaron ya kuɓuta daga atam. Matakin farko shi ne ƙasan rijiya, zurfinsa 13.6 eV, kuma wannan ne kuzarin da za a kashe kafin a fito da shi. Mataki na biyu yana zurfin 3.4, na uku 1.51. A raba 13.6 da lambar matakin sau kanta, shi ke nan. Rijiyar tana da ramukan taka ƙafa a jikinta, kuma a kansu kaɗai ake iya tsayawa. Na sama suna matse da juna, na ƙasa kuwa tazararsu mai yawa ce.

Yanzu a yi lissafi ɗaya. Daga mataki na uku zuwa na biyu, bambancin 1.89 eV ne. Akwai gajeriyar hanya da ta fito daga ƙa'idar Max Planck ta 1900 wadda Albert Einstein ya faɗaɗa a 1905: a raba 1240 da kuzarin a ma'aunin eV, za a sami tsawon zango a nanomita. 1240 a raba da 1.89 ya ba da 656, jan layin haidurojin daidai. Ɗalibin da ya auna nanomita 650 da faifan CD a makon baya zai ga cewa lambar da ya samu da rula tana gaya masa girman tsallen da ilektaron ya yi a cikin lezan, wato wajen 1.9 eV.

Saura tambayar da littattafanmu kan tsallake: me ya sa matakan suke a ƙididdige? A nan ne darasin farko yake dawowa. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce ilektaron ma yana da halin igiya. A 1927 Clinton Davisson da Lester Germer a Amurka suka harba ilektaron kan ƙarfen nikel suka ga irin zanen da igiyoyi ke yi, George Thomson ma ya ga haka a Aberdeen, shi da yake ɗa ne ga J. J. Thomson wanda ya gano ilektaron a 1897. Igiyar da aka tsare a wuri ɗaya kuwa ba ta ɗaukar kowane tsawo. Tsirkiyar gurmi a ɗaure take a kai da gindi, don haka wasu amo kaɗai take iya fitarwa, waɗanda igiyarsu ta dace da tsawonta. Sauran suna shafe kansu da kansu. Haka ilektaron da cibiya ta tsare: matakan su ne siffofin da igiyarsa ke iya tsayawa a kai ba ta shafe kanta ba. Ashe karon igiyoyi ne tushen matakan kuzari.

Wajibi ne a gaya wa ɗalibai cewa hoton Bohr na ilektaron mai kewaya cibiya kamar duniya da rana ya yi aiki ga haidurojin, amma ya gaza tun daga hiliyam, kuma lissafin Erwin Schrödinger na 1926 ya maye gurbinsa. Matakan suna nan daram. Da'irorin ne aka ajiye.

4. Daga atam ɗaya zuwa dunƙulen silikon

Idan atam masu yawa suka jeru suka zama dunƙule, matakansu sai su tattaru su zama faffaɗan rukuni biyu: na ƙasa a cike da ilektaron, na sama kusan wayam, a tsakani kuma akwai giɓin da ba a zama a cikinsa. Ƙarfe kamar jan ƙarfe ba shi da wannan shinge, shi ya sa wuta ke gudu a cikinsa. Lu'ulu'u giɓinsa ya kai wajen 5.5 eV, ya fi ƙarfin tsallakewa. Silikon yana da 1.1 eV, jamaniyam wajen 0.7. Su ne samikondakta: zafi ko haske kan iya ɗaga wasu ilektaron su haye.

Ilektaron da ya haye yana barin gurbi a baya, kuma gurbin shi ma yana ɗaukar wuta. Misalin da ya fi shiga kan ɗalibaina shi ne sahun salla. Idan mutum ya fita daga sahun gaba, na bayansa ya matsa ya cike, na bayan wannan ma ya matsa. Mutane suna yin gaba, gurbin yana yin baya, har ya isa sahun ƙarshe. Babu wanda ya ɗauki gurbin, amma ya yi tafiya.

Silikon tsantsa bai cika amfani ba sai an sirka shi. Atam ɗinsa yana da ilektaron huɗu a waje. Idan aka sa ɗan fosfaras mai biyar, ko da ɗaya cikin miliyan, sai rarar ilektaron ta samu, a kira shi nau'in n. Idan boron mai uku aka sa, gurabe ne za su yi yawa, nau'in p ke nan. A mahaɗar n da p shinge yana tasowa da kansa, wanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya idan ƙarfin turawar ya kai wajen bolt 0.6 zuwa 0.7, ya hana ta dawowa. Wannan shi ne dayod, kuma shi ke miƙar da wutar gida mai kai-da-komo kafin ta shiga batirin waya. Taransista, wadda John Bardeen da Walter Brattain suka fara haɗawa a ɗakin binciken Bell a Disambar 1947 a ƙarƙashin William Shockley, gini ne a kan wannan tushe, inda ƙaramar wuta ke juya babba. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 1956.

Farantin sola dayod ne mai faɗi. Fotan ya faɗo, ya ɗaga ilektaron ya tsallake giɓi, shingen mahaɗar ya tura ilektaron gefe ɗaya gurbi gefe ɗaya. Na farko mai amfani na silikon ya fito daga ɗakin binciken Bell a 1954, yana mayar da wajen kashi 6 cikin ɗari na hasken rana zuwa wuta. Kowace ƙwaya tana ba da wajen rabin bolt, shi ya sa tsohon samfurin faranti mai cajin batirin bolt 12 yake da ƙwayoyi 36 a jere. A fitar da yara su ƙirga da idonsu. A kuma gaya musu cewa ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti a zafin digiri 25 aka auna shi, kuma yana raguwa idan farantin ya yi zafi, abin da duk mai sola a Sakkwato ko Maraɗi yake gani a watan Afrilu.

5. Mahaɗar darussan uku

LED kishiyar sola ne. Batir yana tura ilektaron ya faɗa cikin gurbi a mahaɗa, kuzarin giɓin ya fita a matsayin fotan. Girman giɓi shi ke yanke launi. Silikon ba ya ba da haske sosai, don haka ake amfani da haɗe-haɗen sinadarin galiyam. Nick Holonyak ya yi jan LED a 1962, amma shuɗi ya gagara har farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ci nasara a Japan, aikin da ya kai su ga Nobel a 2014. Farar tocilar da ta kori fitilar ƙwai daga gidajenmu shuɗin LED ce aka shafa wa wani gari mai mayar da sashen shuɗin zuwa rawaya.

Gwajin da ya ɗaure komai ba shi da tsada. A sayi LED ja, kore da shuɗi a wajen masu gyaran rediyo, da rizista don kada su ƙone, da batir, a ari mitar awon wuta. A ƙara ƙarfin wutar sannu a hankali a ɗaki mai duhu, a rubuta inda kowanne ya fara haske. Ja zai kama ƙasa kaɗan da bolt 2, shuɗi sai an doshi bolt 3. A gefe guda a raba 1240 da tsawon zangon kowanne: shuɗi mai nanomita 460 ya ba da 2.7 eV. Lambobin za su yi kusa, kuma daga gangarar zanensu ana iya ƙiyasta lambar Planck. Ba za su yi daidai cif ba, domin LED yana fara ɗan haske kafin ido ya gani, idon kuma ya fi ganin kore a kan ja. Kada malami ya gyara sakamakon yara don ya dace da littafi. Tattauna dalilin bambancin ya fi sakamakon amfani.

Na fi son rufe darasin da rimot ɗin talabijin. LED ɗinsa yana fitar da zango wajen nanomita 940, ido ba ya gani. Amma idon kamarar waya da silikon aka yi shi, kuma 1240 a raba da 1.1 ya nuna silikon yana jin haske har wajen nanomita 1,100. A danna rimot a gaban kamara, sai ga shi yana ƙyaftawa a fuskar wayar. Wasu wayoyin suna da matacin da ke tare shi, sai a gwada kamarar gaba.

6. Batun kalmomi

Ko da yake da Turanci ake rubuta jarrabawa, kowane malami a cikinmu ya san da Hausa muke yin bayani idan abu ya cije. Zango ya zauna daidai, gurbi da giɓi ma haka. Kuzari na zaɓa a kan makamashi, domin makamashi yana kai tunanin yaro ga itace da fetur. Kalmar da har yanzu ban gamsu da ita ba ita ce karo. Idan motoci suka yi karo, sun lalace ke nan, alhali igiyoyi biyu suna ratsa juna su wuce lafiya lau, kowacce da siffarta. Na taɓa jin ɗalibi ya ce hasken da ke wurin duhu ya mutu, kuma na san kalmar ce ta ja shi, domin kuzarin bai ɓata ba, ya koma ne wuraren da suka ƙara haske. Na gwada cuɗanya, sai ta ba da hoton abin da ya gauraye ba ya rabuwa. Na gwada gamo, sai ta rasa ma'anar ƙarfafawa da shafewa. Ina roƙon masana harshe su zauna da mu a gaban bangon da zanen ja da baƙi ya fito, su gani da idonsu, sannan mu nemi kalmar tare.